Ciyawar da Tsohuwa Ta Bari

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran yammaci ba. Sista ta dawo daga asibiti rana ta riga ta yi ja, ta cire farin takalminta a bakin ƙofa, ta ɗora babbar tukunya a wuta, ta zazzage mata gishiri kwano guda. Auta, 'yarta mai shekara goma sha huɗu, tana zaune a baranda tana gugar kayan makaranta. Maigidan, direban babbar mota ne, ya dawo daga tafiyar mako biyu, yana kishingiɗe a tabarma yana fama da rediyo.

Duk layin babu wanda bai san lambun Sista ba. Shekara goma sha tara tana wankin ciwo a ɗakin masu ƙuna, kuma yadda ba ta barin ƙazanta a bakin ciwo, haka ba ta barin ciyawa a bayan gidanta. Fangali shida ne, kowanne an kewaye shi da jan bulo: tumatir, albasa, latas, karas, attaruhu da alayyafo. Cira sai bayan ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, saiwa ta biyo hannu. Ba a barin ciyawa ta yi 'ya'ya. Abin da aka cire a baza shi kan siminti, saiwa sama, rana ta ƙarasa shi. Tsakanin fangali kuwa kwali take shimfiɗawa ta bi shi da dusar katako. Hannunta har ya saba, tana tafe tana yi maka magana sai ka ga ta sunkuya ta tsinke wani ɗan tsiro, ita kanta ba ta san ta yi ba. Maigidan yakan ce ranar da koren gashi ya fito masa a haɓa, ya shiga uku.

Wuri ɗaya ne ya gagare ta, kusurwar bayan tankin ruwa, jikin katanga, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Aya-aya ce ta cika shi, ciyawar nan mai siririn ganye da 'yan ƙwayoyi a ƙarƙashin ƙasa, a jere kan zaren saiwa. Ka ja ganyen ya tsinke a hannunka, ƙwayar tana can ƙasa tana yi maka dariya. Sista takan ce, "Cire ta yau, jibi ta yi maka sallama." Tsohuwa, mahaifiyar maigidan, ita ta fara lambun, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda an sa fartanya a kusurwar nan ba. Da hantsi kawai take shiga lambu, ta riƙa zagawa hannayenta harɗe a bayanta, in ta zo wajen tankin ta kauce. In an tambaye ta dalili sai ta ce, "Ba duka ƙasar ce tamu ba." Sista ta ɗauki maganar a matsayin rigimar tsufa, tafiyar nan ta hannu a baya kuwa ta sa mata suna tafiyar duba-gari.

Bayan rasuwar Tsohuwa da shekara, Sista ta ɗaura ɗamarar yaƙi. Ta yi feshi, ciyawar ta yi ja, ta dawo. Ta rufe wurin da baƙar leda, ciyawar ta huda ledar. A ƙarshe ta ɗauki hutun kwana biyu ta haƙe wurin, ta tankaɗe ƙasar da rariya, ta tara ƙwayoyin a tsohon kwano ta ƙone su ƙurmus. Saura wanda ya kuɓuce wa rariya, shi ta tanadar wa tukunyar nan, don wata abokiyar aikinta ta ce tafasasshen ruwa da gishiri ba ya barin ko jikan ciyawa.

"Maman Auta, ki bari sai da safe mana," in ji maigidan, ganin ta sunkuci tukunyar da tsumma. "Magariba ta kawo kai."

"Da safe ina wurin aiki. Ko kai za ka zuba?"

Ta wuce tana haki, tururi na dukan fuskarta, ranta cike da haushin shekaru. Ba ta yi bisimilla ba, ba ta ce komai ba in ban da, "Yau sai in ga ƙaryarki." Ta tuntsurar da tukunyar.

Ƙasar ta yi cuuu, tururi ya tashi. A cikin tururin ne ta ji kukan. Ba mai ƙarfi ba ne, ɗan siriri ne, amma ta san shi. Kukan yaron da ya faɗi daban, na mai yunwa daban, na wanda ruwan zafi ya zuba wa kuwa yana da wani jan numfashi a tsakiyarsa wanda duk mai aiki a ɗakinsu ba ya mantawa. Ta waiga. Tsuntsayen da ke hayaniya kan bishiyar maƙwabta sun yi tsit. Daga baranda sai ga ƙarar dutsen guga ya faɗi ƙasa.

Ta iske Auta a tsaye, ta riƙe hannunta na hagu, idanunta a buɗe ba ta ƙiftawa. Daga gwiwar hannun zuwa wuyansa fatar ta yi jawur, tana tasowa ɓoro-ɓoro a gaban idonsu.

"Dutsen gugar ne," in ji maigidan.

Sista ta duƙa ta duba. Ƙunar dutsen guga tana da baki, tana da siffa. Wannan ta bi hannun ne yadda ruwa ke gangarowa, har da ɗige-ɗigen fantsama. Ta sa hannun ƙarƙashin famfo, ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe tsaf, don aikinta ne. Amma da ta ce, "Auta, yana yi miki zafi?" yarinyar ta dube ta kamar ba ta taɓa ganinta ba.

Tun daga ranar Auta ba ta ƙara magana ba. Da rana tana nan lamo, a ba ta ruwa ta kurɓa, a ba ta abinci ta kau da kai. An kai ta asibiti, likitoci suka duba suka ce ƙuna ce ba mai zurfi ba, rashin maganar kuma firgita ce, za ta wuce. Sista ta gyaɗa musu kai, alhali ta ga abin da ba su gani ba: kullum ta kwance bandeji, ciwon sabo ne fil, kamar yanzu ruwan ya zuba.

In rana ta sunkuya sai gidan ya canza. Inuwar tanki ta miƙo har bakin baranda, iska ta tsaya, sannan jifa ta fara sauka kan kwano, tim, tim, a hankali, kamar mai jifar ba ya sauri. Ba duwatsu ba ne. Curin ƙasa ne mai ɗumi, in ka ɗanɗana gishiri. Daga bayan tanki kuma kukan nan ya taso, ya yi ta yi har duhu ya rufa, Auta kuwa ta miƙe ta tafi can ta tsuguna, tana jijjiga jiki gaba da baya yadda ake rarrashin goyo. Ranar ta uku maigidan ya je ɗauko ta, ƙato da shi, mai ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, ta ture shi da hannu ɗaya sai da ya dangana da katanga. Ya tashi yana karkaɗe riga, ido ya raina fata.

"Gobe zan ɗauko Malam," ya ce. Wannan karon Sista ba ta yi musu ba. Tsoro ya cika ta, kuma ƙarƙashin tsoron akwai abin da ya fi shi ciwo, ta san hannunta ne ya jawo.

Malam dattijo ne ɗan siriri, mai farin gemu da tabarau mai kauri, ba shi da tarkace, daga carbi sai butar ruwa. Ya zo bayan la'asar. Kafin ya ga yarinyar sai da ya zaga lambun, ya yaba tumatir, ya tsaya a kusurwar da ta zama fara fat da gishiri, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce, Allah gafarta Malam."

"Da wane lokaci?"

Ta faɗa masa. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya ce a shimfiɗa tabarma a baranda, a rufe yarinyar da mayafi, uwar ta riƙe ta. Ya zauna ya fara karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Rana na sauka, karatun na ƙara nauyi. Jifa ta fara, ta tsananta, ƙasa na zubowa daga bakin kwano, Malam ko gezau. Can sai jikin Auta ya sanƙare a hannun uwarta, ta buɗe baki, muryar da ta fito ta babbar mace ce wadda kuka ya dusashe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, an riga an ƙona mini ɗa."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Maƙwabciyarsu ce. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba muke wurin. Tsohuwar ta sani, ta bar mana ɗan abin da ta bari, mu ma ba mu taɓa tsinke mata ko ganyen albasa ba. Wannan ta zo ta yi mana feshi, muka haƙura. Ta rufe mu da leda, muka haƙura. Ta tone mana gida ta tankaɗe, muka ce ba ta sani ba. Ina cikin kwashe kayana, na kwantar da ɗana a ramin da ta bari, sai ruwa. Ko sallama, Malam. Ko sunan Allah da zai sa in fizge shi."

Sista ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Malam ya ce, "Ta yi kuskure, amma rashin sani ya fi dare duhu. Ke kuwa da saninki kika kama yarinyar da ba ta zuba ruwa ba, ba ta hura wuta ba. Wannan zalunci ne, kuma kin san akwai ranar hisabi a kanki yadda take a kanmu. Ki fita."

"In fita in je ina? Ɗana ba ya ci, ba ya barci. A raɓar ciyawar nan aka haife shi, cikin sanyinta kaɗai yake samun sauƙi, ga shi ta mai da wurin kanwa. In ya mutu, da tata zan tafi. Ta ji abin da na ji."

Malam ya ɗaga murya zai koma karatu, sai Sista ta yi abin da ba a sa ta ba. Ta sunkuya daidai kunnen 'yarta ta ce, "A ina ruwan ya same shi?"

Jifar ta tsaya cak.

"Hannun hagu," in ji muryar, a sanyaye. "Daga gwiwa zuwa wuyan hannu."

"Fatar ta yi fari ko ja? Yana jin zafi in an taɓa?"

"Ja. Yana ihu."

"To da sauran rai a fatar, zai warke in an kula." Hawaye na zuba a fuskar Sista, amma muryarta ta wurin aiki ce. "Kada ki fasa ƙurajen. Kada ki shafa masa toka ko mai. Ni na ƙona shi, ba ni da bakin ba ki haƙuri. Amma wannan aikin shi na iya duk duniya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ki bar ni in gyara abin da na ɓata."

An daɗe ana ja. Muryar ta ce a maido mata da ciyawarta cikin kwana uku, Malam ya ce ko ƙwayar gero ba ta yin komai a kwana uku. Ta nemi a zubar mata da jini a kusurwar, Malam ya ce wannan kam ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a yi ba. A ƙarshe aka tsaya a kan haka: za ta fita yanzu. Duk abin da Sista ta sa a hannun Auta da magariba, zai isa hannun ɗan maƙwabciyar. Kuma kafin faɗuwar rana ta bakwai, sai kore ya fito a kusurwar, daga asalin saiwar wurin, ba wadda aka ciro a wani gida ba.

"In ya fito, na yafe har abada. In bai fito ba, ɗana ba zai kai ba, kuma ka san sauran. Muryar yarinyar tana hannuna kafin nan."

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicce su duka, ta rantse. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta yi barci a cinyar uwarta. Da zai tafi Malam ya ce wa Sista, "Ban ce ki roƙi kowa ba sai Allah. Ban ruwa kuwa gyaran ɓarna ne, ki yi shi da kyau."

Wayyo, Sista! Matar da ta yi shekaru tana neman ganin bayan aya-aya, yau ita ce durƙushe tana nemanta kamar zinariya. Ta ɗauki hutu. Ita da maigidan suka kwashe ƙasar gishirin har zurfin gwiwa, tana murza kowane curi da yatsu ko za ta dace da ƙwaya mai rai. Waɗanda ta samu duk sun dahu, suna fashewa a hannu. Ta tona tokar tsohon kwanon, babu komai sai gawayi. Suka yi ta kwarara ruwan sanyi don ya wanke sauran gishirin, suka cika ramin da baƙar ƙasa da taki. Ta iya aikinta, abin da ya cuce ta ke nan, ba ta bar ko ɗaya ba.

Kowace magariba ta wanke hannun Auta, ta shafa magani, ta naɗe, tana magana a hankali yadda take yi wa yaran ɗakinsu, "Sannu, yaron kirki, saura kaɗan." Ciwon ya daina zama sabo, amma bai kama hanyar warkewa ba. Jifa ta ɗauke. Kukan bayan tanki kuwa kullum ƙara siririncewa yake, kuma Sista ta san ba sauƙi ne ke sa kukan mai ƙuna ya yi ƙasa irin haka ba. Auta ma ramewa take, idanunta sun faɗa.

Ranar ta biyar da hantsi ta fito daga kusurwar, ba ta ga komai ba sai baƙar ƙasa. Tana tafe gefen fangalin tumatir, hankalinta ba ya jikinta, maigidan na bayanta yana cewa ko a ƙara kiran Malam. Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ga ya tsaya yana kallon hannunta. Ta duba. Tsakanin yatsunta akwai siraran ganye uku, kore shar, masu sheƙi. Hali zanen dutse, hannun ya sunkuya ya yi aikinsa ba da saninta ba.

Ta ƙwalla ƙara, ta zube a wurin. Aya-aya ɗaya da ta rage a gidan, ita ta tsinke da hannunta. Maigidan ya dafa kai yana salati. Ta daɗe tana kuka, ganyen a tafinta, kafin ta lura da gindinsa. Fari ne, a tsinke, babu ƙwaya a jikinsa.

Ta rarrafa ta nemo inda ya fito, jikin bulon fangalin. Ba ta yarda da fartanya ba, da yatsu ta tona, a hankali, yadda take ɗaga matacciyar fata daga kan mai rai. Zurfin ɗan yatsa biyu ta taɓa ta, 'yar ƙwaya baƙa, mai tauri. Daga jikinta wani zaren saiwa ya miƙe ƙarƙashin bulon, ƙarƙashin kwali da dusar katako, ya nufi bayan tanki, inda ƙarshensa ya ƙone. 'Yar wurin ce, ta gudo ta ƙarƙashin ƙasa tun kafin rariya da tukunya. Sista ta ɗago ta da ƙasarta a tafi biyu, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta binne ta a kusurwar, ta yayyafa ruwa.

"Babu ganye fa," in ji maigidan. "Saura kwana biyu."

"Na san halinta," ta ce, tana share hawaye da bayan hannu. "Cire ta yau, jibi."

Washegari babu komai. Ranar ta bakwai da safe babu komai, da azahar ma haka. Da la'asar ta wanke ciwon, ta naɗe, ta ɗauko Auta, wadda yanzu ba ta iya tsayuwa, ta zaunar da ita a jikinta gaban kusurwar. Maigidan ya tsaya bayansu da carbi. Inuwar tanki ta rufe su. Kukan ya taso, da ƙyar ake jinsa, ya yi jan numfashin nan, ya tsaya. Rana ta taɓa kan katanga. Sista ta kwantar da kumatunta a ƙasa, don ta gefe ake ganin sabon tsiro, ba ta sama ba, tana addu'a bakinta na taɓa turɓaya. A daidai inda ta binne ƙwayar, ƙasa ta ɗan tsage, kuma a cikin tsagar akwai wani abu kamar bakin allura, kore.

Ta danne hannayenta biyu ƙarƙashin gwiwoyinta, ta zauna a kansu. Ba wanda ya yi motsi har rana ta faɗi. Can sai aka ji ajiyar zuciya daga jikin katanga, irin ta yaron da barci ya ɗauke bayan dogon kuka, tsuntsayen maƙwabta kuma suka ɓarke da hayaniya.

"Mama," in ji Auta, murya a shaƙe, "kin danne mini ƙafa."

Hannun ya warke cikin mako biyu, ya bar tabo. Ranar da Sista ta kwance bandeji na ƙarshe, ta je ban ruwa da hantsi ta tarar da wani bandejin a gindin ciyawar, a naɗe tsaf irin naɗinta, sai dai zagayensa bai fi na babban yatsa ba. Ba ta nuna wa kowa ba, ta binne shi a wurin.

Yanzu aya-aya ta cika bayan tanki har tana leƙo fangalin tumatir, maƙwabta na cewa Sista ta yi sanyi. Tana cira har gobe, amma da hantsi, da bisimilla, kuma sai ta tsaya ta dubi abin da za ta cire. Wata safiya Auta na baranda tana kallonta tana zaga lambun, sai ta yi dariya.

"Mama, kin koma tafiyar duba-gari irin ta Tsohuwa."

Sista ta tsaya. Hannayenta na harɗe a bayanta, na dama ya damƙe wuyan na hagu gam, har farce ya shiga fata. Shekara goma sha biyar ta yi tana kallon tsohuwar nan tana tafiya haka, ba ta taɓa tambayar kanta abin da hannun Tsohuwa ya taɓa tsinkewa ba.